Wasa Ɗaya, Tashoshi Barkatai: Tarihin Hanyoyin Nuna Wasan Ƙarshe na Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A cikin watan Janairun kowace shekara, a daren wata Litinin, ƙungiyoyin jami'o'i biyu na Amurka kan kara a wasan fitar da zakaran ƙwallon ƙasar. Tun daga 2014, tashar ESPN mai haƙƙin nuna wasan ta daina wadatuwa da nuna shi ta fuska ɗaya. Takan baza shi a tashoshinta da manhajarta a lokaci guda, kowace kafa da nata salon: a nan masu sharhi na yau da kullum, a can kociyoyi sun zauna suna fashin baƙin dabaru, a wata kafar babu mai magana ko ɗaya sai hayaniyar fili, a wata kuma muryar mai sharhin rediyon garin da ƙungiya ta fito. Wannan tsari shi ESPN ta raɗa wa suna Megacast.

Ƙwallon da ake magana a kanta ba tamaula ba ce. Ta fi kusa da zari-ruga. Siffar ƙwai gare ta, ana rungumarta a sheƙa ko a jefa ta da hannu, kuma 'yan wasa 11 ne a kowane ɓangare. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta gwaji huɗu ta ci yadi 10 gaba. In ta ci, a sake ba ta wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kowane gwaji 'yan daƙiƙoƙi ne, daga nan a tsaya, a sake jeri, koci ya aiko da wata dabarar. Minti 60 ne a agogon wasa, amma mai kallo kan shafe fiye da awa uku kafin a tashi. Wannan yawan tsayawa ya bar wa talabijin sarari mai faɗi da dole a cike shi da wani abu. Ban da haka, 'yan wasa 22 duk suna motsi a lokaci ɗaya, kowa da aikin da aka ɗora masa, alhali kyamara ƙwallo kawai take bi, don haka abin da ke ɓuya wa mai kallo ya fi abin da yake gani yawa. A kan waɗannan abubuwa biyu, sararin da ke tsakanin gwaji da gwaji da kuma abin da kyamara ke bari a waje, aka gina duk wani salon nunawa da ya biyo baya.

Wasan jami'a na farko da aka nuna a talabijin shi ne na ranar 30 ga Satumba 1939, tsakanin Fordham da Waynesburg a birnin New York, a tashar gwaji ta kamfanin NBC. Kyamara ɗaya ce da mai sharhi ɗaya, Fordham ta ci 34 da 7. Da talabijin ta fara yaɗuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta tsorata cewa mutane za su daina sayen tikitin shiga fili. Daga farkon shekarun 1950 ta karɓe ragamar cinikin, ta ƙayyade yawan wasannin da za a nuna da kuma sau nawa kowace jami'a za ta fito a shekara. Sama da shekara 30 mai kallo ba shi da zaɓi, abin da aka kawo masa ranar Asabar shi zai kalla. Sai a watan Yunin 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe tsarin, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta ce ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Daga nan jami'o'i da rukunoninsu suka shiga sayar da wasanninsu da kansu, tashoshin biyan kuɗi irin ESPN, wadda aka buɗe a 1979 a garin Bristol na jihar Connecticut, suka sami abin cika sa'o'insu.

Tun a zamanin ƙayyadewar ma'aikatan talabijin suna gwaje-gwajen yadda za a nuna wasa. Mafi tasiri shi ne na ranar 7 ga Disamba 1963, a karawar makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa, wasan da aka jinkirta mako guda saboda kisan Shugaba Kennedy. Wani matashin darakta na CBS mai suna Tony Verna ya sa aka ɗauko wata ƙatuwar na'urar ɗaukar hoto mai nauyin fiye da rabin tan zuwa filin da ke Philadelphia, ya yi mata dabarar da za ta maido da abin da ya faru yanzu-yanzu. Sau ɗaya tak aka yi amfani da ita, lokacin da sojan ƙasa suka ci maki, har sai da mai sharhi Lindsey Nelson ya ja hankalin 'yan kallo cewa ba wani cin aka sake yi ba, na ɗazu ne ake maimaitawa. Maimaici ya samo asali daga nan, kuma shi ya fara koya wa mai kallo cewa abu ɗaya yana da fuska fiye da ɗaya. A watan Disambar 1980, NBC ta nuna wasan ƙwararru tsakanin New York Jets da Miami Dolphins ba tare da mai sharhi ba, bisa shawarar shugaban shirye-shiryen wasanninta Don Ohlmeyer. Mutane sun kalla don ganin ƙwaƙwaf, amma tashar ba ta mai da shi al'ada ba, domin wanda yake son sharhi ba shi da wata tashar da zai koma. A 1984 aka fara amfani da kyamarar da ke lilo a kan igiyoyi a saman fili, ƙirƙirar Garrett Brown. A 1998 kuma ESPN ta fito da layin nan mai launin rawaya da kwamfuta ke zanawa a kan hoto, wanda ke nuna inda yadi 10 ya ƙare.

Shi kansa wasan ƙarshe sabon abu ne idan aka kwatanta da daɗewar ƙwallon. Shekaru da dama ba a fili ake fitar da zakara ba, 'yan jarida da kociyoyi ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma wani lokaci su saɓa, kamar a 1991 da aka raba kambun tsakanin Miami da Washington, da 1997 tsakanin Michigan da Nebraska. A kakar 1998 aka kawo tsarin BCS, wanda ke haɗa ta ɗaya da ta biyu a wasa guda. Tennessee ta ci na farko a kan Florida State a watan Janairun 1999. Tashar ABC ce ta nuna wasannin farko, kuma karawar Texas da USC ta 2006 ta tara masu kallo fiye da miliyan 35. Fox ta riƙe yawancin wasannin na 'yan shekaru, sannan daga Janairun 2011 wasan ya koma ESPN, wato ya bar tashoshin kyauta ya shiga na biyan kuɗi.

Wannan sauyi shi ne tushen maganar. ESPN ba tasha ɗaya ba ce. A lokacin tana da ESPN2 da ESPNEWS da ESPNU da ESPN Classic da ESPN Deportes mai harshen Sifaniyanci, ga kafar intanet ta ESPN3. A daren wasan ƙarshe duk mai sha'awar wasanni yana kan babbar tashar, sauran kuwa sun zama fanko, duk abin da aka sa musu ba mai leƙawa. Kyamarori da makirufo da ma'aikata an riga an kai su fili, an kuma riga an biya kuɗin haƙƙi. Ƙarin kuɗin da za a kashe a cika waɗannan tashoshi da wasan da kowa ke kallo bai taka kara ya karya ba. Kamfanin ya taɓa gwada irin haka a 2006 da wani tsari mai suna Full Circle, da farko a wasan ƙwallon kwando na North Carolina da Duke a watan Maris, sannan a karawar Florida State da Miami a Satumba. Gwajin bai daɗe ba aka ajiye shi.

Ranar 6 ga Janairu 2014, a filin Rose Bowl da ke Pasadena ta jihar Kalifoniya, aka buga wasan BCS na ƙarshe, tsakanin Florida State da Auburn, kuma a daren ne aka fara Megacast. Babbar tasha ta tafi da masu sharhinta Brent Musburger da Kirk Herbstreit kamar kullum. ESPN2 ta tara ma'aikatanta da baƙi suna kallo suna hira. ESPN Classic ta bar sautin fili kaɗai, ta farfaɗo da gwajin 1980 ke nan. ESPN3 ta ba da muryoyin rediyon jami'o'in biyu. A ESPNEWS kuwa aka shirya ɗakin da aka kira Film Room, aka zaunar da kociyoyin da ke kan aiki a wasu jami'o'i, Kevin Sumlin na Texas A&M da Steve Addazio na Boston College da Paul Chryst na Pittsburgh, tare da wasu masu sharhi, aka sa musu allo da na'urar maido da hoto baya.

Abin da ya fito da sunan ɗakin ya faru ne dab da hutun rabin lokaci. Auburn na gaba da 21 da 3, Florida State ta kai gwaji na huɗu a ɓangarenta na fili. Al'ada a irin wannan hali ita ce a doka ƙwallo da ƙafa ta yi nisa, a sallama wa abokan karawa. Florida State ta yi jerin dokawa, amma mutanen ɗakin suka hango yaudara tun kafin a taɓa ƙwallo, suka faɗa. Haka kuwa aka yi: aka miƙa wa Karlos Williams ya ruga ya ci yadin da ake nema, ƙungiyar ta ci maki kafin hutu, ta farfaɗo, ta kuma lashe wasan 34 da 31 da jifan Jameis Winston saura daƙiƙa 13. Washegari jaridu suka yi ta maganar kociyoyin da suka ga abin kafin ya auku. Darajar wannan ɗaki ba a duba take ba. A idon koci, yadda ɗan wasa ya ajiye ƙafarsa da wanda aka shigo da shi da wanda aka fitar duk saƙo ne, kuma wannan ilimi a da ba ya fita daga ɗakunan da ƙungiyoyi ke nazarin faifan abokan karawa. A daren nan aka buɗe ƙofar ga kowa. Cikin dukan salon da aka gwada, shi ne wanda ya fi ƙara wa mai kallo sani.

Shekarar da ta biyo baya aka soma sabon tsari, College Football Playoff, mai ƙungiyoyi huɗu da wani kwamiti ke zaɓa. ESPN ta sayi haƙƙinsa na shekara 12 a kan kimanin dala miliyan 470 duk shekara. Wasan ƙarshe na farko, da Ohio State ta doke Oregon 42 da 20 a Arlington ta jihar Texas ranar 12 ga Janairu 2015, ya tara sama da mutum miliyan 33, adadin da babu wani shirin tashar biyan kuɗi da ya taɓa kaiwa a Amurka kafin nan. Megacast ya zama abin kowace shekara, yana kuma ƙara rassa, har a 2018 hanyoyin kallon suka kai kimanin 20.

Wasu rassan aikin kyamara ne zalla. Akwai wanda ke bin kyamarar igiya daga farko har ƙarshe, mai kallo yana hango fili daga bayan mai jifa, yana ganin ƙofa na buɗewa a tsakanin masu tsaro kamar yadda ɗan wasa ke gani. Matasan da suka tashi da wasan kwamfuta sun saba da wannan kusurwa tun kafin a kawo ta talabijin. Akwai All-22, hoto daga can ƙololuwar fili mai ɗauke da duka 'yan wasa 22, irin wanda kociyoyi ke nazari da shi. An sa ƙananan kyamarori a cikin 'yan turakun nan masu launin lemo da ke kusurwar layin ci. Akwai kuma Command Center, inda ake raba allo gida-gida, ga wasa, ga maimaici, ga fuskokin kociyoyi, ga alƙaluma. An taɓa zaunar da tsofaffin alƙalan wasa suna bayanin kowane hukunci da dalilinsa.

Rassan da suka shafi murya sun fi taɓa zuciya. Mai sharhin tashar ƙasa wajibi ne ya tsaya tsakiya, shi kuwa magoyin baya ba tsakiya yake nema ba. A jihohi irin Alabama da Georgia ƙungiyar jami'a ita ce abin alfaharin jama'a, har ga waɗanda ba su taɓa shiga ajinta ba, kuma kowace tana da mai sharhin rediyo da ya shafe shekaru da dama yana binta, kamar yadda Gene Deckerhoff ya yi a Florida State, Eli Gold kuma a Alabama. Tun da daɗewa mutane kan kashe sautin talabijin su kunna rediyo, su jure matsalar da ke tattare da hakan, domin murya kan riga hoto da 'yan daƙiƙoƙi, a ji an ci kafin a gani. Abin da ESPN ta yi shi ne daidaita sautin rediyon da hoton, kowace ƙungiya a kafarta, daga baya har a tashoshin rukunoni irin SEC Network da ACC Network. A 2016 aka ƙara wani salon a wasan Alabama da Clemson, inda mai sharhi Joe Tessitore ya zauna tsakanin tsofaffin 'yan wasan ƙungiyoyin biyu, Barrett Jones da Tajh Boyd, kowa na goyon bayan tasa a fili ba kunya. Salon sautin fili kuwa ya biya wata tsohuwar buƙata. Kowace jami'a tana da rundunar masu badujala, ɗaruruwan ɗalibai da ke fareti da kiɗa a lokacin hutu, amma babbar tasha kan yanke su ta tafi talla da sharhi. A 2018, lokacin da babbar tashar ta nuna mawaƙi Kendrick Lamar a hutun wasan Alabama da Georgia, masu son badujala sun sami tasu a wata kafar. Ga iyayen ɗaliban da ke busa da kiɗa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba duk gwajin ne ya yi armashi ba. Ɗakin da ake tara fitattun mutane suna cin abinci suna hira yakan shagala da kansa ya manta da wasa, kuma daga baya aka watsar da shi. Shi ma Film Room yana da tasa wahalar. Kociyoyi ba ma'aikatan talabijin ba ne, wasu na magana da kalmomin sana'ar da baƙo ba zai gane ba, wasu kuma na taka-tsantsan kada su soki abokin aikin da za su haɗu da shi baɗi. An yi ta sauya masa fasali. A 2022 an ba koci Jimbo Fisher da mataimakansa na Texas A&M ɗakin gaba ɗaya, wasu shekarun kuma ba a yi shi ba sam.

Alƙaluma ba su taɓa nuna cewa jama'a sun ƙaurace wa babbar tasha ba. A daren farko na 2014, cikin masu kallo kusan miliyan 26, waɗanda suka zauna a ƙananan tashoshin ba su kai miliyan ɗaya ba a haɗe. Yawancin mutane a taro suke kallon wasan ƙarshe, kuma taro abin da kowa ya sani yake so. Ribar ESPN ta wata hanya take zuwa. Ana haɗa masu kallon dukan kafofin a lissafi ɗaya a kai wa masu talla. Ƙananan tashoshin suna samun hujjar ci gaba da zama cikin kunshin da magidanta ke biya duk wata. Wanda wasa ya gundura, maimakon ya bar gidan, sai ya koma wata tashar ta gidan. Wannan ya ƙara muhimmanci yayin da gidajen da ke biyan kuɗin ESPN suka ragu daga kimanin miliyan 100 a 2011 zuwa wajen miliyan 70 bayan fiye da shekara goma, mutane na yanke kebul suna komawa kallo ta intanet. Raguwar ta ci wasu daga cikin tashoshin da Megacast ya fara da su; an rufe ESPN Classic a ƙarshen 2021.

Tasirin tsarin ya fi bayyana a waje da ƙwallon jami'a. A watan Afrilun 2014 kamfanin Turner ya nuna wasannin kusa da na ƙarshe na ƙwallon kwandon jami'o'i a tashoshi uku, biyu daga ciki da masu sharhin da ke goyon bayan ƙungiya. A Janairun 2021 tashar yara ta Nickelodeon ta nuna wasan ƙwararru na NFL da zane-zane da bayani daidai fahimtar yara. A kakar 2021 'yan'uwan nan biyu, Peyton da Eli Manning, suka fara sharhin wasan daren Litinin daga gidajensu a ESPN2, shirin da ya haɗa idon masani da hirar baƙi, ya kuma samu babbar karɓuwa. A Oktoban 2023 aka mai da wani wasan NFL da aka buga a Landan zuwa zanen Toy Story kai tsaye, ta hanyar na'urorin da ke bin motsin kowane ɗan wasa.

Nasarar 'yan gidan Manning ta dawo ta sauya Megacast ɗin kansa. Nauyi ya tashi daga kusurwar kyamara da ilimin koci ya koma kan mutum ɗaya mai farin jini. Salon Field Pass, wanda masu sharhi ke yi a tsaye a bakin fili suna zagayawa, ya koma hannun Pat McAfee, tsohon ɗan wasan West Virginia da Indianapolis Colts, wanda ke da ɗimbin mabiya a shirinsa na intanet. Daga 2023 shi da abokan shirinsa ke riƙe da ESPN2 a daren wasan ƙarshe, da ihu da barkwanci da baƙin da suka ci karo da su a gefen fili. A shekarar ce Georgia ta lallasa TCU 65 da 7, wasan da ya mutu tun kafin hutu, masu kallo suka faɗo zuwa kimanin miliyan 17. A irin wannan dare hira ce kaɗai ke iya riƙe mutum. Sai dai wanda ya zo neman fahimtar abin da ya sa masu tsaron TCU suka kasa tare kowa, bai sami ɗakin kociyoyi irin na 2014 ba.

A kakar 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, Ohio State ta ci kofin farko na sabon tsarin da 34 da 23 a kan Notre Dame a Atlanta ranar 20 ga Janairu 2025. Kafin nan, a watan Maris na 2024, ESPN ta sabunta yarjejeniyarta har zuwa kakar 2031, a kan dala biliyan 7.8 na shekara shida, ta kuma ba tashar TNT hayar wasu wasannin zagayen farko. Yarjejeniyar ta tanadi cewa daga Janairun 2027 za a riƙa nuna wasan ƙarshe a ABC ma, wato zai koma tashar kyauta karon farko tun 2010. A watan Agustan 2025 kamfanin ya fara sayar da dukan tashoshinsa kai tsaye ta manhaja ga wanda ba shi da kebul, kuma a cikin manhajar mai kallo na iya jera kafofi har huɗu a allo ɗaya.